Ludayi Biyu a Ma'aunin Ruwan Baba

Ranar wata Laraba ce, a farkon daminar da nake aji biyar na firamare, tsakanin azahar da la'asar. Ruwan farko na shekara ya ɗauke ke nan, ƙasa tana ta ƙamshi, yaran unguwarmu suna can ƙarƙashin indararon masallaci suna ihu, ni kuwa ina tsaye cikin shingen wayar da ke bayan gidanmu, jiƙe sharkaf, zanina yana ɗiga, ina kallon ma'aunin ruwan Baba kwance a ƙasa. Mazurarinsa ya yi gefe guda, kwalbar da ke cikinsa ta fito ta kife, ɗan ruwan da ta tara kuwa yashi ya shanye shi tas. Jar akuyar kakata tana fake a ƙarƙashin wani farin akwati mai ƙafafu huɗu, tana girgiza kunne tana tuƙa, ko a jikinta. Ni na bar ƙyauren shingen a buɗe. Da hadari ya taso na shiga na duba ko mazurarin yana zaune daidai, kamar yadda Baba ya ce in yi kafin ya tafi garin Isa kai takardun ƙarshen wata, sai na ji ƙawayena suna kirana wankan ruwa, na kwasa da gudu ban waiwayi ƙyaure ba. Akuya kuwa, kowa ya sani, ba abin da ta ƙi jini kamar ruwan sama.

Mahaifina malamin gona ne a ƙauyenmu da ke gefen Gatawa, kuma shi aka damƙa wa wannan ɗan shingen. Abu uku ne a ciki: gwangwanin jan ƙarfe mai mazurari da ke tara ruwan sama, farin akwatin da ke ɗauke da ma'aunin zafi, da wani ƙwallon gilashi a kan ginshiƙi wanda rana ke ratsawa ta ƙona siririn kati da ake soke masa a baya. In rana ta fito sosai sai katin ya ƙone a jere, in gajimare ya rufe ta sai a ga wurin ya tsira fari. Kullum da hantsi Baba zai shiga da littafinsa mai baƙin bango, ya juye ruwan kwalba cikin wani dogon gilashi mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, sa'annan ya rubuta. Ko zazzaɓi yake yi sai ya shiga. Mutanen gari suna ce masa Malam Isuhu mai gwangwani, da farko cikin ba'a, daga baya cikin girmamawa, don shekara da shekaru in ya ce a yi shuka ba a cika yin nadama ba. A jikin dogon gilashin nan ya ɗaura jan zare. In ruwan rana ɗaya ya kai zaren, to ruwan shuka ne, in bai kai ba a dakata. Maganarsa ɗaya ce, har mun haddace ta: "Mutum na ƙarya, gwangwanin ga ba shi yi."

Shekarar da ta gabata fari ya taɓa mu. Rumbunmu ya yi ƙasa tun kafin bazara ta raba, tuwon dare ya koma kunu, furar rana ta koma farau-farau. Abin da ba a taɓa ba shi ne iri. Kakata Inna Ige, mahaifiyar Baba, ita ke riƙe da shi a ɗakinta, cikin tulu biyu da ta gauraya da toka ta liƙe bakinsu da laka. Geron da kakana ya zaɓa da hannunsa ne tun yana raye, kowace kaka a ware zangarnun da suka fi cika a ajiye. Ko mu yara mun san tulunan nan ba na wasa ba ne, in ƙwallon tsummanmu ya gangara kusa da su sai dai mu haƙura da shi. Kuma mun san cewa bana shuka ɗaya gare mu. In ta kama, alhamdu lillahi. In ta ƙone, babu wani irin da za a sake zubawa.

To duk wannan na san shi, amma a tsaye cikin shingen nan ba iri ne a raina ba, fuskar Baba ce. Bai taɓa dukana ba, kallo kawai yake yi, ni kuwa gara bulala goma da wannan kallon. Na kori akuyar da jifa, na ɗaga gwangwanin na mayar bisa dakalinsa, na goge yashin da ya maƙale da bakin zanina. Sai na lallaɓa cikin gida, mahaifiyata tana ta fama da itacen da ya jiƙe, na ɗauki ludayi na nufi randa. Na zuba ɗaya cikin kwalbar, na ɗaga ta na duba, sai na ga ruwan ko gindinta bai gama rufewa ba. Na tuna yadda indararo ya yi ta zuba a kanmu, na ce haba, ruwan da ya jiƙa ni haka ai ya fi wannan. Na ƙara na biyu. Wallahi a lokacin gani nake gyara nake yi, ina mayar wa kwalba abin da akuya ta zubar. Ban san cewa kwalbar mai faɗi ce, gilashin awon kuma siriri ne, abin da ya yi kaɗan a can zai haye sama a nan ba.

Baba ya dawo gab da magariba, ƙafafunsa duk ƙura, don a hanyar Isa ko ɗigo bai sauka ba. Ko ruwa bai sha ba ya wuce shinge, ina biye da shi. Ya juye kwalbar cikin gilashi. Na ga ruwan yana hawa, yana hawa, ya taɓa jan zaren, ya wuce shi da kusan yatsa guda. Baba ya yi hamdala da ƙarfi, ya dafa kaina, ya ce in je in gaya wa Inna ta fasa bakin tulu. Da na buɗe baki a nan da an gama. Ban buɗe ba. Inna Ige kuwa ta fito tana dogara sandarta, ta ce ita tun da ruwa ya ɗauke ta je bayan gari ta tona da hannunta. Su mutanen da awonsu ke nan: a tona ƙasa har a tarar da busasshiya, in danshi bai kai taƙi guda ba, ba a fitar da iri. Ta ɗaga masa yatsu huɗu a kwance, ta ce, "Iyakar abin da yac ci ke nan, Isuhu. Ruwan ga mai tada iri ne, ba mai riƙon shi ba." Baba ya yi dariya, ya ce inda ta tona turbar shanu ce, ƙasar ta daddaɓe, ruwa gudu yake yi a kanta, jigawar gonarmu kuwa ta sha ta ƙoshi. Ya nuna mata gilashin. Ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai ina wasa da yatsun ƙafa. Ta ce to, shi ne mai gida, ta koma ɗaki.

Kafin sallar isha'i labari ya gama unguwa cewa ruwa ya wuce zaren Malam. Wasu sun ce za su ƙara jira, amma maƙwabcinmu Baffa Bawa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, bai yi wata-wata ba. Mutum ne mai 'ya'ya da yawa da gona ƙarama, irinsa ma bai kai namu ba, a cikin wani tsohon buhu yake rataye a tsakar ɗakinsa. Washegari da sassafe muka fita gaba ɗaya, gidanmu da gidansa. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu mata da yara muna biye da ƙorai, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami a rufe da dunduniya. Shuka wasa ce a wurinmu a sauran shekaru, ana tsere ana waƙa, wanda aka bari a baya a yi masa ature. Ran nan ni ce a baya. Kowane rami na leƙa sai in ga danshi a sama, in na danna dunduniya sosai sai in ji busasshen yashi yana ƙara a ƙasa. Na ga Baba ma sau biyu ya tsaya ya dubi bakin sunguminsa, ya dubi gabas, sa'annan ya ci gaba. Ya fi yarda da gilashinsa a kan abin da idonsa ya nuna masa, kuma ni na jawo.

Kwana uku gero ya tsiro. Kai, ban taɓa ganin tsiron da ya ba ni tsoro kamar wannan ba! Layi-layi, kore shar, siriri kamar allura, kowa yana murna ban da ni. Daga nan sama ta rufe bakinta. Aikina ne kowace yamma in ciro katin ƙwallon gilashi in kawo wa Baba, in soke sabo. Da can ina son aikin nan, ina jin daɗin ƙamshin ƙonannen kati. Yanzu kuwa tun daga nesa nake addu'ar in ga ko ɗan wuri fari, alamar gajimare ya gitta. Ina! Kullum ƙuna ce baƙa ƙirin daga wannan baki zuwa wancan, ba ta yanke ko sau ɗaya ba. Baba ya karɓa, ya auna tsawon ƙunar, ya rubuta, ya ɗora kan 'yan'uwansa. Na riƙa ƙirga katunan a ɓoye: huɗu, biyar, shida. A makaranta malam yana koyar da lissafi, ni idona yana taga. In iska ta kaɗa ganyen dalbejiya sai in miƙe zumbur, har aka yi mini duka a tafin hannu saboda haka, ban ma ji zafinsa ba.

A kati na bakwai tsiron ya fara naɗewa da rana, ya warware da yamma. A na tara ya daina warwarewa. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza da tsofaffin riguna, mu yara aka sa mu gaba wai addu'armu ba ta da shamaki. Na ɗaga hannu tare da kowa, amma a raina cewa nake tawa addu'ar ita za ta hana ta sauran hawa. Sau biyu hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashe mana shanya, sa'annan ya watse ya bar mu da ƙura a baki. A bakin rijiya na fara jin ana cewa gwangwanin Malam ya tsufa, wata ma ta ce boko ne ya hau masa kai har ya raina hannun uwarsa. Baba ya daina zama a dandali. Wata safiya na tarar da shi a shinge ya kwance mazurarin, yana ɗaga gwangwanin sama yana leƙa gindinsa ko ya fashe, yana zuba ruwa a gilashi yana juyewa, yana sake zubawa. Ya kasa gane inda aka yi kuskure. Abincin da aka kai masa haka aka ɗauke shi. Inna Ige kuwa ba ta ce masa na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Ni kawai take bi da ido, in na zo wucewa ta ce, "Ke Balki, mi ac cikin bakinki da ba ki iya haɗiyewa?"

Ranar kati na goma sha ɗaya, da hantsi, Baba yana zaune a zaure da littafinsa a buɗe, ni ina share tsakar gida kusa da ƙofa, sai Baffa Bawa ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya kwance bakin rigarsa ya zazzage wani abu a kan tabarma, gaban littafin. Tsiron gero ne, ya bushe ya zama kamar zaren buhu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, ga abin da gwangwaninka yab ba ni. Ba ni da wani iri, kai ma ka sani. Hwaɗa mani abin da za ni ce ma ɗiyana." Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Ban san lokacin da na shiga zauren ba, na dai ji muryata tana cewa ba gwangwani ba ne, ni ce, akuya ta zubar na ɗebo a randa na mayar. Baba ya ce, "Nawa kinka zuba?" Na ce ludayi biyu. Baffa Bawa ya yi salati, ya dafe kai, ya juya ya fita.

Na jira kallon nan, amma bai zo ba. Baba ya jawo littafin gabansa. Sai ya buɗe shafin ranar Larabar, ya ciro rula ya ɗora a kan lambar da ya rubuta da hannunsa, ya ce in danne masa ita kada ta motsa. Na danne ina kuka, hawaye yana ɗiga a gefen takarda. Ya ja layi ɗaya da jan biro, siriri, yadda lambar za ta ci gaba da karantuwa a ƙarƙashi, ya rubuta a gefe: ba a auna ba. Ya ce mini wannan littafin wasu za su karanta shi bayan mun mutu, mutanen da ba su san mu ba, kuma ba su da hanyar da za su tambaye mu. "In ba ki sani ba, ki bar wurin wayam. Wayam ba ya kashe shuka." Sa'annan ya tashi ya kama hannuna muka shiga gidan Baffa Bawa. A gabansa da gaban matarsa ya ce kada a ɗora wa yarinya, laifin nasa ne, don uwarsa ta tona ƙasa ta nuna masa, sungumi ma ya nuna masa, ya ƙi gani. Daga can ya wuce ɗakin Inna Ige ya durƙusa a bakin ƙofa. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga ya daɗe.

Ashe ran da aka ce ta fasa tulu, tsohuwar nan ta ɗebi wani abu daga cikin irin ta zuba a cikin gora ta tura ƙarƙashin gadonta. Bai fi rabin tulu ba. Ruwan kirki ya sauka bayan kwana huɗu, wanda ya wuce zaren Baba ya kuma wuce taƙin Inna, don a karon nan tare suka je aka tona. Ta fito da gorar, ta sa aka kawo ƙwarya biyu, ta raba daidai, ɗaya tamu ɗaya ta Baffa Bawa. Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Irin bai rufe ko rabin gonakin ba, kuma shukar ta makara. A shekarar nan 'ya'yan Baffa Bawa biyu manya suka tafi ci-rani tun ba a gama girbi ba, ɗayan bai sake zama a garin ba. Mu ma mun sha kunu har wata damina. Baffa Bawa bai taɓa yi mini maganar ba, yana amsa gaisuwata kamar kullum, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, gida biyu suka ci.

Baba ya ci gaba da awonsa har ƙarfinsa ya ƙare, daga baya ni nake shiga shingen yana zaune a bakin ƙyaure yana faɗa mini in durƙusa sosai. Allah Ya ji ƙansa, bai ga ranar da 'yan bindiga suka tashe mu ba. Da muka fito, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai, ni littattafan nan na naɗe a zani na ɗora a ka har Sabon Birni, inda nake zaune yanzu ina koyarwa. Bara wasu matasa masu binciken yanayi suka zo daga jami'a, suna neman tsofaffin rubuce-rubucen ruwa da rana, wai suna son su gane yadda farkon damina yake ja da baya da yadda ruwan yaudara irin wancan yake ƙaruwa ko raguwa. Aka kwatanta musu gidana. Suka yini suna ɗaukar hoton shafi bayan shafi da waya. Wata 'yar budurwa a cikinsu ta tsaya a kan jan layin nan, ta ga tabon da ya kumbura takarda a gefensa, ta ce, "Mama, nan fa, me ya faru?" Na ce mata akuya ce. Ta yi dariya, ni ma na yi, sa'annan na ba ta labarin duka, dariyar ta tsaya.

Da ta kai ƙarshen rubutun da ke littafi na ƙarshe sai ta ci gaba da buɗe shafuka, ko za ta ga ƙari. Babu. Layukan suna nan a jere yadda Baba ya ja su da rula tun kafin lokacinsu, kowace rana da gidanta, ba komai a ciki. An ce mini an kwashe wayar shingen, ƙwallon gilashin ma ba a san inda ya yi ba, gonarmu da ta Baffa Bawa sun haɗe sun zama sabara. Har yau in hadari ya taso ta gabas sai in ji ƙafata tana son tashi in je in duba ƙyaure, kuma in Allah Ya kawo zaman lafiya za ni koma in kafa ko da gwangwanin madara ne a wurin. Rana ɗaya na ɓata a littafin nan, na kwana goma sha ɗaya ban iya haɗiyar abinci ba. Yanzu damina nawa ke nan ruwa yana sauka a can, ba mai auna shi, ba mai tonawa da hannu.